Wa Ke Zaɓar wa Mai Bincike Abin da Zai Bincika?

Al'adar malaman ƙasar nan ce tun da, idan baƙon almajiri ya yi sallama a zaure yana son a ɗora masa karatu, ba a buɗe masa littafi sai an yi masa tambaya biyu: wurin wa ka yi karatu, kuma me ka zo nema? Da amsar ta farko malam yake gane silsilar yaron da irin tushen da aka kafa masa, ko nahawunsa ya nuna ko kuwa da sauran ɗanye. Da ta biyun kuwa yake auna niyyarsa, wadda ita ce a wurin magabata ruhin kowane aiki. Jami'o'in zamani, duk da nisan da ke tsakaninsu da zaure a tufafi da harshe, ba su bar waɗannan tambayoyi ba, domin kowane ɗakin bincike da ya amsa sunansa yana ajiye jerin mutanensa, a gaban sunan kowa an rubuta inda ya yi digiri da abin da yake bincike a kai. Tambaya ta farko ba ta da gardama, tun da takarda ke amsa ta. Ta biyun ce mai mas'ala a ciki, watau shin wanda Allah Ya ba ilmi yana da 'yancin bin sha'awar zuciyarsa duk inda ta kai shi, ko kuwa jama'ar da ta haife shi, ta ciyar da shi, ta biya kuɗin karatunsa, tana da hakkin da ya rataya a wuyansa wajen zaɓen abin da zai ƙarar da rayuwarsa a kai.

Na zaɓi in yi bahasin wannan mas'ala ta kan wani fanni da mutanenmu suke riƙe da amfaninsa a hannu dare da rana alhali ba su san da shi ba, shi ne ƙera na'urori 'yan mitsil waɗanda ido ba ya ganin gaɓoɓinsu. Wanda ya karkata wayarsa ya ga hoto ya juya ya kwanta, ko ya sauka baƙunta a Tsafe ya buɗe wayar don ta nuna masa alƙibla, ya yi mu'amala da su. A cikin wayar akwai wani ɗan akwati da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a cikinsa an sassaƙa wani ɗan nauyi da aka rataye da zaruruwa masu lanƙwasa, gefensa da haƙora jere irin na matsefi, suna shiga tsakanin waɗansu haƙoran da ke kafe. Idan wayar ta karkata nauyin ya gusa, tazarar da ke tsakanin haƙoran ta sauya, ƙarfin lantarkin da suke riƙewa ya ƙaru ko ya ragu, sai wani sashe ya karanta wannan sauyi ya gaya wa wayar ta wane gefe ƙasa take. Ma'aunin da ake aiki da shi a nan shi ne maikiromita, kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin silin gashin mutum yana kai wajen 70.

Abin da ake sassaƙawar kuwa silikon ne, wanda ake tacewa daga farin dutse irin wanda ƙwayoyinsa suka cika yashin gulbin da ya ratsa Gusau da Bungudu, har ma da jikin dutsen Kwatarkwashi. Ana narkar da shi a tsarkake shi har ƙazantar da ta rage ta zama ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan dubu, a yanka shi faya-fayai, a shafe fuskar faifan da wani sinadari mai jin haske, a haska masa zane, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwa mai ci, ya cinye inda aka bari a buɗe ya ƙyale inda aka rufe. Duk matar da ta taɓa manna salatif a ƙafa kafin ta ɗora lalle, ta ɓare da safe ta ga zane ya fito, ta san asalin hikimar. Sai dai ƙura guda a nan tana iya lalata aikin mako, saboda haka ake tace iskar ɗakin, ma'aikata su lulluɓe jikinsu tun daga kai har tafin ƙafa, ba a ganin komai sai idanu.

Abin lura shi ne, babu mutum guda da ya tara ilmin wannan aiki. Idan ka duba jerin mutanen irin wannan ɗaki, kamar na Jami'ar Freiburg ta Jamus inda aka keɓe wa fannin sashe sukutum, za ka tarar wannan ya fito daga fiziks, wancan daga ilmin sinadarai, ga injiniyan lantarki, ga na ƙarafa, ga masanin halittu, wani lokaci har da likita, kowa da silsilarsa, kowa kuma jahili ne a kan rabin abin da maƙwabcinsa na tebur ya sani. Tun farkon al'amarin ma haka yake. Muhammad Atalla, mutumin Misira wanda aka haifa a Bur Sa'id a 1924, ya yi karatu a Alƙahira, injiniyancin injuna kuma ya karanta a Jami'ar Purdue ta Amurka, amma shi ne ya gano yadda za a lulluɓe fuskar silikon da wata 'yar fata ta gilashi don ta natsu, kuma shi da abokin aikinsa Dawon Kahng, mutumin Koriya, suka ƙera a 1959 irin taransistar da a yau ake jera dubban miliyoyinta a cikin waya guda. Da an tsare shi a kan abin da takardarsa ta ce, da bai taɓa silikon ba.

Malaman fiƙihu sun raba farilla gida biyu, ta ainihi wadda take kan kowane baligi, da ta kifaya wadda idan waɗansu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci da hisabi cikin kashi na biyu a farkon Ihya'u Ulumiddini, bai kuma tsaya nan ba sai da ya haɗa da noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho, bisa hujjar cewa garin da ya rasa mai yin su ya jefa kansa cikin halaka. Ya kuma yi kukan da za ka ɗauka jiya aka yi shi, cewa ga garuruwa cike da masu gardamar fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya, ya ce dalilin ba ɓoyayye ba ne: fiƙihu yana kai mutum ga alƙalanci da riƙon dukiyar wakafi da kusantar sarakuna, likitanci kuwa ba ya kaiwa. Sai dai akwai abin da zamaninmu ya ƙara wanda ya kamata malamai su yi nazarinsa. A da wanzami guda ya isa ya sauke wa ƙauye farillar ƙaho. Farillar da muke magana a kanta yanzu ba ta saukuwa da mutum guda komai hazaƙarsa, sai da taron mutane masu karatu daban-daban a ƙarƙashin rufi ɗaya, da kayan aiki, da wuta, da abincin da zai riƙe su shekaru. Ashe kenan tara su da ciyar da su shi ma ya shiga cikin wajibin, bisa ƙa'idar usulu sananniya cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Ƙasar nan ba baƙuwar irin wannan taro ba ce. Kusa da Tsafe kufan 'Yandoto yake, garin da a zamanin da yake cikin ƙasar Katsina ya shahara da malamai har ɗalibai suna yi masa takakkiya daga nesa, kuma daga cikinsa Malam Sambo ɗan Ashafa ya fito da jama'arsa suka kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Ƙasar Katsinar nan ce ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi talifi a kan hisabin hatimai, yadda za a jera lambobi cikin gidaje su ba da jimla ɗaya ta kowace fuska, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 yana baƙon Hasan al-Jabarti, mahaifin wani mashahurin marubucin tarihi na Misira. Wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci 'Yandoto bayan malamanta sun ƙi bin jihadi, kuma cikin wasiƙun da suka gudana tsakanin Sakkwato da Shehu al-Kanemi na Borno har maganar wulaƙanta littattafai ta taso, Bello ya kare kansa da cewa shi da hannunsa ya riƙa tsintar takardun da iska ke watsawa. Ba alƙalancin wannan tsohuwar shari'a ya kawo ni ba, kuma shi Bello ɗin marubuci ne a kan magani da neman halali. Abin da nake so a gani kawai shi ne, taron malamai ya fi kowane gini wuyar kafawa, kuma idan ya watse ba a mayar da shi da umurni.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya faru a idonmu. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Ashe dutsen zinariya ne mai haɗe da dalma ake kawowa cikin gida, a farfasa a tsakar gida, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi ƙasa da tabarma da hannun yaro mai rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu. Abin da aka riƙa auna gubar da shi wata 'yar na'ura ce da ake ɗauka a hannu: a huda yatsan yaro, a haɗa ɗigon jinin da wani ruwa, a ɗiga a kan wani ɗan tsinke mai layukan lantarki, cikin mintuna kaɗan lamba ta fito. Iyakar abin da na'urar take iya karantawa 65 ne, alhali a lokacin ana ɗaukar 10 a matsayin abin tsoro, kuma jinin yara da yawa ya wuce iyakar har sai da aka riƙa sirka shi kafin a iya aunawa. Na'urar daga waje ta zo, tsinkayen daga waje, mai auna ƙasa da hasken nan mai ratsa jiki shi ma daga waje, kuma sai 2013 aka kai ga kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, ɗaya daga cikin garuruwan da abin ya shafa. A 2025 aka sake jin rahoton ɓullar gubar, wannan karon a ƙasar Bungudu.

To, a ma'aunin Gazali, wa ya yi laifi? Ba mahaƙin da talauci ya tura rami ba, ba kuma uwar da ba a taɓa gaya mata cewa ƙura tana kisa ba. Farillar kifaya tana hawa kan mai iko gwargwadon ikonsa, kuma masu iko a nan uku ne: mai mulki, da mai dukiya, da mai ilmi. Na farko da na biyu kowa ya san rabonsu, ba sai na tsawaita ba. Na ukun ne ba a cika taɓawa ba, saboda kunyar da ake ji wa mai karatu.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, ga kuma kwalejin horon malaman fasaha a cikin gari, da ta kiwon lafiya a Tsafe, da kwalejojin kimiyya da fasaha na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, an sami samari da 'yan mata da dama waɗanda asusun TETFund ya tura Malesiya da Ingila da sauran ƙasashe suka dawo da digirin digirgir. Wannan alheri ne wanda ba mai musunsa sai mai hassada. Amma ga yadda abin yakan kasance: ɗalibi ya isa can ya tarar malaminsa yana da kuɗin bincike a kan wata mas'ala da wani kamfani ko wata gwamnati ta can ta damu da ita, sai a yanka masa gefe guda a ce ya yi shekara uku ko huɗu a kai. Ya dawo gida da tambayar wani a aljihu. Injin da ya yi aiki da shi babu shi a nan, saboda haka sai ya koma kwaikwayon gwajin a kwamfuta, yana fitar da maƙala bayan maƙala domin a ƙirga masa ranar ƙarin girma, idan kuwa ka tambaye shi abin da yake bincike sai ya karanto maka taken da aka ba shi shekara goma da suka wuce, kamar wanda aka yi wa talƙini. Wannan taƙlidi ne tsantsa, ko da an yi shi cikin farar rigar ɗakin gwaji, kuma illar da Gazali ya gani ce ta sake shiga, sai dai kujerar farfesa ta maye gurbin buzun alƙali.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar ɗaya ɓangaren, domin tana da ƙarfi ƙwarai. Masu ita suna cewa ilmi ba ya tsirowa inda aka yi masa shinge, kuma mafi yawan abin da ya amfani mutane an same shi ne ta hannun waɗanda ba amfanin suka fita nema ba. A ƙarshen 1959 Richard Feynman ya tsaya gaban masana fiziks a Kalifoniya yana yi musu hasashen ƙera injuna ƙanana da rubuta littattafai a bisa kan allura, da yawa suka ɗauke shi raha. A 1982 Kurt Petersen, yana ma'aikacin kamfanin IBM, ya wallafa maƙala mai nuna cewa silikon, ban da ɗaukar lantarki, yana da ƙarfi da juriyar da za a sassaƙa shi a yi gaɓoɓi masu motsi. Babu maganar tari a ciki, balle ta Afirka. Amma shi wannan mutumin yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Cepheid a 1996, kuma injin kamfanin mai suna GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, shi ne yau ake zuba wa majina a manyan asibitocin Nijeriya ya faɗi cikin kamar awa biyu ko mutum yana da tarin fuka, da kuma ko ƙwayar ta bijire wa magani. Da an tsare Petersen a 1982 an ce ya faɗi wanda bincikensa zai warkar, da ba shi da amsa. Haka nan al-Kashinawi da hatimansa, waɗanda masana lissafi suke dubawa a yau saboda dalilin da shi bai rubuta su dominsa ba. Kuma ta fuskar addini, tafakkuri cikin halitta ibada ne mai zaman kansa, Alƙur'ani ya buga misali da sauro, ya yi magana da nauyin zarra, bai raina ƙaramin abu ba.

Na yarda da wannan duka, amma ban ga ya rushe maganata ba. Abin da hujjar take karewa shi ne sha'awa ta gaskiya, wadda take hana mutum barci, kuma wannan baiwa ce da Allah Yake rabawa, ba mai ikon tilasta ta ko hana ta. Wanda aka jarrabe shi da irinta a bar shi, a ba shi abinci, ko da ba a gane inda ya dosa ba. Sai dai irin waɗannan 'yan kaɗan ne a kowace al'umma, kuma mafi yawan masu fakewa da sunan 'yancin bincike ba sha'awarsu suke bi ba, ta malaminsu ce, shi ma ta mai ba shi kuɗi ce. Tun da tambayar dole daga wani wuri za ta fito, ban ga dalilin da zai sa ta kamfanin mota na Turai ta zama ilmi tsarkakakke, ta rijiyar garin Nahuce ta zama ƙasƙanci ba. Hasali ma tambayar gida ta fi wuya, kuma mai neman abin da zai gwada hazaƙarsa a nan zai same shi: ƙera tsinken gwajin da zai jure zafin bazara ba tare da firji ba, wanda ƙurar hunturu ba ta ɓata shi, wanda ma'aikaciyar lafiya da ta fito daga kwalejin Tsafe za ta karanta ba tare da wutar lantarki ba, kuma wanda kuɗinsa bai fi na kwanon dawa ba. Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, hanyar aiki da tsananin tahƙiƙi a ɗauko su daga malami ko a ina yake, wannan shi ne hakkin silsila. Amma tambaya hakkin jama'a ce, sai wanda wata tambaya ta kama shi da ƙarfin da ba ya iya saki.

Saura uzurin rashin iko, wanda shi ma shari'a ta san da shi. Za a ce jihar nan tamu da 'yan bindiga suka hana noma, har suka shiga gidajen kwanan ɗaliban jami'a a Sabon Gida a 2023, wadda yara da yawa ba su ga ƙofar firamare ba, ina ita ina ɗakin da ake tace iska? Gaskiya ne ba ta da halin gina masana'antar silikon, ba kuwa wanda ya ce ta gina. Amma fannin yana da ƙofofi masu araha. Tun 2007 mutanen George Whitesides a Jami'ar Harvard suka nuna ana iya zana hanyoyin ruwa 'yan ƙanana a kan takarda, ɗigon jini ko fitsari ya bi su da kansa ya sauya launi, daga baya ma aka koma zana su da wani irin kaki mai kama da na zuma. Na silikon kuwa ana iya tsara shi a kwamfuta a Gusau a aika waje a ƙera. Hannu ma ba a rasa ba, domin duk wanda ya tsaya a rumfar masu gyaran waya a kasuwar Gusau ya ga yaro ya sunkuya da ɗan hantsaki da bututun iska mai zafi, ya ɗaga aisi mai ƙafafu kamar gashi ya dasa wani ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, ya san abin da ya rage shi ne wanda zai gaya wa yaron abin da ke cikin aisin.

Saboda haka kirana ga malamanmu masu tafsirin azumi a Gusau da Tsafe da Bungudu shi ne, idan sun zo bayanin farillar kifaya kada su tsaya kan wankan gawa da sallar jana'iza, su gaya wa attajirai cewa ɗaukar nauyin masu binciken da za su rage yawan jana'izar yara yana cikin babin. Jihar tana da Hukumar Zakka da Wakafi, kuma babu abin da ya hana mai hali ya tsayar da wakafin ɗaki guda a jami'a, da na'urar hasken rana da albashin mutum biyar ko shida na shekara goma: masanin sinadarai, da na fiziks, da injiniyan lantarki, da likitan yara, da ɗaya daga cikin yaran nan na kasuwa. Sharaɗin wakafin a rubuta shi a fili, cewa aikinsu na farko shi ne abin auna dalma a jinin yaro da ruwan rijiya, wanda za a ƙera a nan, a gyara a nan.